Washar ta yi mini rana, sukurun da ke cikin ledar ya huda mini allo

Sati uku na yi ina yabon wata ledar sukuru da washa a gaban kowa a bakin ruwan Dahab ta ƙasar Masar, har mutum biyu suka je suka saya saboda bakina. Yau da nake wannan rubutu, allona na winsafin, wasan nan da ake tsayawa kan allo iska na tura mutum a kan ruwa, yana kife a inuwar rumfar mai gyara kwana na tara ke nan, hutuna kuma saura kwana huɗu in hau motar Alƙahira. Shi ya sa na ga ya zama dole in faɗi abin da ya faru, musamman don mutum biyun nan da duk wanda ya ji yabona.

Ledar da nake nufi ita ce wadda ake rataye wa a shagunan kayan winsafin: sukuru takwas na maɗaurin ƙafa, wato abin da ake zura ƙafa a ciki a kan allon, da washa takwas na roba masu haƙora. Kuɗinta ba wani abu ba ne idan aka kwatanta da kuɗin allo.

Tun da na sayi allon nan na hannu, mai girman lita 115, maɗaurin baya na ɓangaren dama yake ba ni wahala. In ɗaure shi da safe tamau, kafin azahar ya fara juyawa a ƙarƙashin ƙafata. Ba ya cirewa, sai dai ya riƙa karkacewa kaɗan-kaɗan, har ka zo zura ƙafa lokacin da allo ya ɗauki gudu ka tarar bakin maɗaurin ya kalli wani wuri. Wanda ya taɓa neman maɗaurin baya da yatsun ƙafa, iskar arewa na jan filafili, wato ƙyallen da ke kama iska, da ƙarfi, ya san irin faɗuwar gaban da nake faɗa. Dalilin a bayyane yake: kowane ƙarshen maɗaurin sukuru ɗaya ne ke riƙe da shi. Duk tura ƙafar da ka yi, maɗaurin na ɗan murɗa kan sukurun, a ɗaya ɓangaren kuma murɗawar ta nufi hanyar kwancewa ce. Ga soson maɗaurin da ke lotsewa da daɗewa, sai gibi ya samu. Da gibi ya samu, sukurun ba kwancewa kawai yake yi ba, lanƙwasa yake yi da kowace igiyar ruwa, wata rana ya karye a cikin ramin. Sukudireba ta zama kamar carbi a jakata. Har gam ɗin nan shuɗi da makanikai ke ɗigawa a kan noti na gwada, bai tsinana komai ba, domin an yi shi ne don ƙarfe da ƙarfe, ramin sukurun allo kuwa roba ce. Daga baya ma aka gaya mini yana iya tsatsaga wasu robobin, na gode Allah da na tsaya a gwaji ɗaya.

To washar nan, gaskiya ta burge ni, kuma har yanzu ban janye wannan ba. Tana zama tsakanin maɗauri da allo, haƙoranta su ciji maɗaurin, sannan akwai ɗan tsini a ƙasanta da ke faɗawa ramin da ke kusa, ya hana ta juyawa. Ranar farko na fita daga cikin lagun, wato kwantaccen ruwan da ke kusa da gaɓa, zuwa wajen da ake kira Sifidi, na yi ta kai da kawo har hannuwana suka gaji. Na fito na kama maɗaurin da hannu biyu na murɗa, ko gezau. Washegari ma haka. Kwana na uku na ƙara masa rabin juyi saboda soson ya ɗan zauna, daga nan ban sake ɗauko sukudireba ba. Shekara biyu ina fama da abu, ƴar roba da ba ta kai faɗin murfin kwalba biyu ba ta kashe maganar. Daɗin da na ji ba ya misaltuwa. Abin da ya fi mini shi ne hankalina ya bar kan ƙafata ya koma kan iska da ruwa, har juyin da na daɗe ina kasawa ya fara zama.

Ranar Talatar da abin ya fito fili, na ɗauki allon daga ruwa na ji nauyinsa ya sauya, bayansa na rinjaya. Na ce gajiya ce. Na ajiye shi a kan yashi na tafi sallah. Da na dawo, rana ta dake shi sosai, sai na ji wani ɗan sauti, tsss, kamar tayar keke mai ƙaramar huda. Na durƙusa na duba. Kumfa ce ke fitowa daga gefen sukurun maɗaurin baya, ƙanana-ƙanana, ɗaya na bin ɗaya, ga farin gishiri ya bushe ya zagaye wurin. Jikina ya yi sanyi. Allon winsafin cikinsa farin soso ne mara nauyi, fata mai tauri ta lulluɓe shi. Idan ruwa ya samu ƙofa, soson zai sha. Allo mai zafi ya shiga ruwa mai sanyi, iskar cikinsa ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa da kansa. Ya fito rana kuma ya riƙa huro shi. Sati uku ke nan yana wannan zuƙa da hurawa ina tsaye a kansa ina murna. Kuma ruwan Bahar Maliya ne, wanda gishirinsa ya kai wajen giram 40 a lita, ya fi na yawancin tekuna, gishiri kuwa ba ya barin ciki ya bushe da sauri.

Na saɓa shi zuwa wurin dattijon da ke gyaran alluna a bayan wuraren hayar allo, wanda nake kira Usta, wato gwanin sana'a. Bai ce komai ba sai da ya kwance sukurun, ya jera shi da ɗaya daga cikin tsofaffin nawa a tafin hannunsa. Ko ba awo ido ya gani. Ya auna duk da haka: tsohon milimita 28, sabon 35.

Na ce, “Usta, ai washar ta ƙara kauri, na ɗauka shi ya sa suka yi shi da tsawo.”

Ya ce, “Ɗana, washar milimita biyu ce. Sauran biyar ɗin ina za su je? Maɗaurinka kuma tsoho ne, ya lotse. Ramin roban nan yana da gindi, gindin shi ke tsare ruwa. Ka bi ta cikinsa.”

Sai ya tambaye ni ko ban ji komai ba lokacin ɗaurewa. Na ji. A juyi biyun ƙarshe sukurun ya yi tauri, na danna da ƙarfi, na ji ɗan ƙas, sannan ya tafi salin-alin. Na ɗauka haƙoran washar ne suka zauna. Ashe gindin ramin ne ya fashe. Uku daga cikin takwas haka suka yi, duk a baya inda maɗauran suka fi lotsewa, ɗaya ne dai ya buɗe sosai.

Nan ne raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai huce ba. Ba a rubuta tsawon sukurun a jikin ledar ba, ko da lamba ɗaya. Babu ƴar takarda a ciki da ke cewa ka gwada da naka kafin ka ɗaura. An rubuta dai cewa tana yi wa kowane allo. Ta yaya sukuru ɗaya zai yi wa kowane allo alhali zurfin rami da kaurin maɗauri sun bambanta? Na koma shagon da ledar a hannuna, ba don a biya ni allo ba, don dai a cire sauran ko a manna gargaɗi. Mai shagon ya saurare ni, ya ce kowa ya san ana aunawa. To ni ban sani ba, kuma lokacin da yake karɓar kuɗina bai ce mini in auna ba, alhali na gaya masa irin allona da shekarunsa. Da na wuce ta wurin shekaranjiya ledojin na nan rataye yadda suke.

Tun da na fara tuno laifuffukan, wani ma ya dawo mini. Kan sukurun nasu laushi gare shi. Da sukudireba mai lamba 3 na ɗaura, wadda ita ce daidai da irin wannan kai, ba ƙaramar mai lamba 2 da ke cinye baki ba, kuma da hannu na yi, ban kusanto da injin ɗaure sukuru ba. Duk da haka biyu daga ciki bakinsu ya fara cinyewa tun ɗaurin farko. Da Usta ya kwance su kuma, akwai jan tsatsa a wuyan guda huɗu, sati uku kacal. Tsofaffin nawa sun shekara da shekaru a ruwan gishiri suna nan fes. A lokacin na ga cinyewar bakin na kau da kai, don murnar washar ta rufe mini ido.

Gyaran ba mai wuya ba ne, jira ne mai cin rai. Usta ya buɗe sukurun numfashin allon, wato wanda ke toshe ƴar kafar da iska ke fita, ya ɗan huda ƙasa inda ruwan ya taru, ya kifa shi ya bar zafi ya yi aikinsa, kullum ya goge gishirin da ya fito. Ya ce in aka toshe da sauran danshi a ciki, fatar za ta rabu da soson nan gaba, wurin ya yi laushi a ƙarƙashin dunduniya. Sai ya bushe sarai zai cike gindin ramukan da gam mai haɗi biyu. Kwana tara iska na kaɗawa tun asuba, ina kallon filafilan mutane daga bakin gaɓa, duwatsun Saudiyya na hango ni daga tsallake. Kwana biyu na yi hayar allo, kuɗin ya ninka na ledar sau da yawa, na haƙura.

A zaman jiran nan ne ya koya mini abin da na so a ce na sani tun farko. Ka zura tsinke a ramin ka ga zurfinsa, ka sa sukurun ta cikin maɗauri da washa, ka matse soson da yatsu, abin da ya leƙo ƙasa kada ya kai tsawon tsinken. Ka goga ɗan sabulu ko kakin kyandir a tiredin, wato zaren jikin sukurun, don ya shiga ba gardama. Kafin ka fara ɗaurewa, ka juya shi baya a hankali har ka ji ya faɗa tsohon tiredinsa, don irin sukurun nan shi ke yanka wa kansa hanya a roba, in ya yanka sabuwa kowane lokaci ramin zai cinye. In kuma ya yi tauri alhali maɗaurin bai kama ba, ka tsaya.

Mutum biyun da suka saya na same su. Ɗaya maɗauransa sababbi ne masu kauri, Allah ya kiyaye shi, amma ya sauya sukurun duk da haka. Ɗayan bai kai ga ɗaurawa ba. Washar zan ci gaba da amfani da ita, kuma in ta lalace zan nemi irinta, amma da sukuru mai kyau da na auna da hannuna. Guda shida na tsofaffin suna nan lafiya, biyu da suka lanƙwashe Usta ya ba ni madadinsu daga gwangwaninsa, milimita 30 ne, mun gwada da tsinke sun zauna da sauran wuri. Ya ce gobe zai ɗora allon a sikeli, in nauyin ya daina raguwa ya toshe jibi, gam ɗin kuma yana son kwana guda cur kafin ya taɓa ruwa.