Gargaɗi: Idan Aka Ce Sai Ka Ƙara Kuɗi Kafin Ka Cire Naka, Tsaya Nan

'Yan'uwa, don Allah ku karanta wannan da kyau, musamman waɗanda baƙi ke turo wa saƙo a WhatsApp da tayin zuba jari a kirifto, wato kuɗin intanet.

Elkhart ƙaramin gari ne na manoma a jihar Kansas ta Amurka, mutanensa ba su cika 2,000 ba. A da, bankin garin shi ne Heartland Tri-State Bank, shugabansa a lokacin kuma Shan Hanes, mutumin da kowa ya sani kuma ya amince da shi, har ya taɓa jagorantar ƙungiyar ma'aikatan banki ta jihar. A ƙarshen 2022 ya fara zuba kuɗi a wata harkar kirifto ta hannun wasu da yake magana da su a WhatsApp.

Wannan damfara kiwo ce. Ba sa gaggawa. Za su saba da kai, su nuna maka wata manhaja da kuɗinka ke ta hayayyafa a fuskar waya, wani lokaci ma su bari ka cire ɗan kaɗan don hankalinka ya kwanta. Lambobin nan da kake gani su ne suka rubuta su da hannunsu, kuɗin kuwa sun tafi tun ranar da ka tura. Sai ran da ka ce za ka kwashe jarinka sannan za ka ji wai an rufe asusun, sai ka biya haraji ko kuɗin tantancewa.

Hanes ya fara da nasa kuɗin. Da suka ƙare ya taɓa kuɗin cocinsu, da na ƙungiyar zuba jari ta garin, har da abin da aka tara wa 'yarsa na karatu. Daga nan ya juya kan bankin. Tsakanin Mayu da Yuli 2023, sau 11 ana tura kuɗi bisa umarninsa, jimilla dala miliyan 47.1, ma'aikata na bi saboda mai gida ne ya ce.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da ya je wajen wani maƙwabcinsa neman rancen dala miliyan 12, wai da su za a buɗe asusun kuɗinsa su fito. Maƙwabcin ya faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa damfara ce, ya kuma ce masa ya janye jiki. Bai ji ba, ya ci gaba da turawa. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira, domin amsa cewa an cuce shi ya fi masa ciwo a kan ƙara zubawa. Wannan fa ma'aikacin banki ne da ya shekara da shekaru yana tantance masu neman rance. Kada wani ya ce wayonsa zai tsare shi.

Ranar 28 ga Yuli 2023 hukumomi suka rufe bankin. Masu ajiya ba su yi asara ba, hukumar inshorar ajiya ta Amurka, FDIC, ta shiga tsakani, wani banki mai suna Dream First Bank ya karɓi asusunsu. Masu hannun jari a bankin ne suka sha wuya, maƙwabtansa da abokansa, wasu tsofaffi ne da suka sa abin da suka tara na ritaya. Kimanin dala miliyan 9 nasu ya salwanta, sai daga baya hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta ƙwato kusan miliyan 8. Hanes kuwa a Agustan 2024 kotu ta ɗaure shi wata 293, sama da shekara 24.

Don haka ko wane ne ya kawo maka harkar, ko shugaban banki ne, ka nemi cire kuɗinka gaba ɗaya ka gani. Idan suka ce sai ka biya wani abu tukuna, kada ka ƙara ko sisi, kada ka ci bashi, kada ka taɓa amanar kowa. Ajiye hotunan hirarku da shaidar duk abin da ka tura, ka sanar da bankinka da jami'an tsaro a ranar, sannan ka faɗa wa wani na kusa da kai, komai nauyin kunyar.