Robar shaf ta yage: a canza robar kaɗai ko a sauya shaf ɗin gaba ɗaya?

Ɗan uwa, ka ce ka ga baƙin giris ya fantsama a bayan tayar gaba ta Corolla ɗinka. Bakanike ɗaya ya ce roba kawai za a canza, wani kuma ya ce ka tafi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ka sayo shaf, wato sandar da ke kai ƙarfin inji daga giya zuwa taya. Kana tambaya wa za ka bi. Kowannensu zai iya yin gaskiya, kuma kunnenka ne zai raba gardamar.

Kowane shaf na gaba gaɓa biyu gare shi. Ta waje, wadda ke jikin taya, boris shida ne a cikin keji, irin wadda wani injiniyan Ford, Alfred Rzeppa, ya ƙirƙiro a shekarun 1920. Ita ke sa taya ta ci gaba da jan mota ko da ka karya sitiyari. Ta ciki, wajen giya, yawanci ƙafa uku gare ta kamar murhu, tana shiga tana fita duk lokacin da mota ta faɗa rami. Ita kuwa roba aikinta ta riƙe giris a ciki, ta hana ƙasa da ruwa shiga. To a Kano, inda ƙurar hunturu ke bin kowane lungu, damina kuma ta cika layukan unguwa da ruwa da yashi, yagaggiyar roba ba ta ba da dogon wa'adi. Giris yana haɗuwa da yashi ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya riƙa cin ƙarfen a hankali.

Don haka kafin ka kashe ko sisi, nemi fili, ka sauke gilas, ka karya sitiyari har ƙarshe, ka zagaya a hankali ta dama da ta hagu, sannan ka gwada da ribas. Idan ka ji ƙas-ƙas-ƙas, gaɓar waje ta riga ta ci. Idan kuma motar tana karkarwa in ka taka totur, ta daina in ka ɗaga ƙafa, a duba ta ciki.

In shiru ka ji, canza roba kaɗai, kuma nan zan fi tsayawa, domin nan ake yi wa mutane aikin ha'inci. Kuɗin kaya kaɗan ne, aikin ne mai yawa. Dole a kwance gaɓar, a wanke tsohon giris tas, a duba boris da hanyoyinsu ko sun yi rami. Bayan haka a cika da girisin da aka yi don wannan gaɓa, na gaɓar waje baƙi wulik ne mai sinadarin molibdenam, kuma yakan zo a leda cikin kwalin roba mai kyau. Girisin boris ɗin taya bai dace da nan ba, ko da an ce maka duk giris giris ne. Sai ɗauri: kilif ɗin ƙarfe na asali, a matse shi da abin matsewarsa. An taɓa ɗaure mini da wayar ƙarfe a wani gareji, ban sani ba sai da wayar ta yanka sabuwar robar, na sake biyan kuɗin aiki. Tun daga nan nake tsayawa a kan aikin har a gama. Ribar wannan hanya ita ce ka riƙe shaf ɗin da motar ta zo da shi daga kamfani, kuma a ganina, in dai lafiyarsa ƙalau, ya fi yawancin abin da za ka sayo.

Robar ma iri biyu ce. Akwai mai laushi, akwai mai ɗan tauri kamar filastik, wadda ta fi jure zafi da guga amma tana buƙatar kilif mai ƙarfi. Dubi wadda aka cire, ka nemi irinta. Akwai kuma mai tsaga da ake naɗawa a manne ba tare da an cire shaf ba. Ni ba na ba da shawararta sai dai a hanya, don ta kai ka gida, saboda ba a wanke gaɓar ba, yashin yana nan ciki.

In kuwa ka ji ƙara, kada ka ɓata kuɗi a roba. Sabon giris zai iya rage ƙarar na ɗan lokaci, amma ƙarfen da ya ci ba ya dawowa, kuma ranar da gaɓar ta fashe, inji zai yi ta kuka mota ba ta motsi. Nan za ka zaɓa tsakanin ɗan Beljiyam da sabo. Ɗan Beljiyam na asali ne amma ya yi tafiyarsa a wata ƙasa, don haka ka murza gaɓar da hannu ka ji ko tana da lilo, ka buɗa ninkin robar ka ga ko ta fara tsattsagewa. Ni in na saya, nakan sa masa sabuwar roba da giris tun kafin a ɗaura. Sabo mai araha yana da kyawun gani, sai dai wasu na kawo karkarwa, robarsu kuma ba ta daɗewa. Wani lokaci kan shaf na waje kaɗai ake canzawa, a bar sandar da gaɓar ciki, kuma hakan ya wadatar in ciki lafiya yake.

Ko wanne za ka saya, tafi kasuwa da tsohon a hannu. A gwada tsayi, a ƙirga haƙoran bakin shaf, a ƙirga na zoben ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) in yana da shi, domin na hagu da na dama ba ɗaya ba ne, haka na mota mai giyar hannu yakan bambanta da na otomatik. In an zare shaf daga giya, a duba sil ɗin wurin, wato robar da ke hana man giya zuba, a cika man da ya zuba, a kuma ɗaure babban noti yadda ya kamata a kulle shi. Tunda motar tana kan jak, ka ce a karya sitiyari a duba robar ɗaya ɓangaren ma, shekarunsu ɗaya da wadda ta yage.