Injin surfe da niƙa na Tudun Wada: shin sarrafa hatsi a gida yana da sauƙi har yanzu?

Akwai wani injin surfe da niƙa a Tudun Wadan Zariya da gidanmu ya daɗe yana kai wa hatsi, kuma na ga ya dace in yi bayani a kansa, domin magidanta da yawa suna tambaya ko sayen masara a sarrafa ta a gida ya fi sayen garin leda irin su Semovita araha. A ganina ya fi araha, amma da sharaɗin mai inji bai cinye ribar ba.

Abin da ya sa na riƙe wannan wuri shi ne yadda yake yi da dusa. Duk wanda ya taɓa kai masara surfe ya san cewa tiyar da ya auna a kasuwa ba ita ce za ta dawo gida ba, saboda ɓawo da idon masarar suna fita, kuma a wasu wurare dusar tana zama ta mai inji ba tare da an tambaye ka ba. A nan kuwa sai mai injin ya ce, "Alhaji, za a tafi da dusa ne ko in rage kuɗi?" Wannan tambaya tana da nauyi a lissafi, domin masu kiwon tumaki da kaji suna sayen dusa da daraja, musamman idan Babbar Sallah ta gabato. Haka kuma idan aka nemi ya ɓarza wani kaso ya zama tsaki, yana yi ba gardama, sai buhu ɗaya ya ba da tuwo da dambu da fate, wanda mu Zazzagawa ba ma wasa da shi.

Tsabtarsa ma abin yabo ce. Injin markaɗen kayan miya daban yake da na gero, saboda haka kamun koko ba ya dawowa da yajin attarugu, kuma duk lokacin da aka wasa farantan inji yakan fara zuba dusa ta kwashe ɓurɓushin ƙarfe kafin ya taɓa hatsin mutane.

Inda nake da ƙorafi shi ne farashi. Idan aka ɗauke wuta ya tayar da injin dizal, kuɗin niƙa yana tashi nan take, kuma babu allon da aka rubuta farashin biyu, don haka yaron da aka aika da kuɗi daidai sai ya dawo da kwano. Ga kuma kuɗin Keke Napep, wanda ya haura tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Mai kai tiya biyu daga nesa zai iya biyan kuɗin mota fiye da na niƙa. A cikin azumi layi yana tsawo, ana kuma tsallake yara a sallami manya, abin da ba na jin daɗinsa ko kaɗan.

Ribar gaskiya tana ga wanda ya sayi buhu da kaka, a kasuwar Giwa ko ta Sabon Gari, ya adana shi a buhun da iska ba ta shiga don gudun ƙwari. Sai dai akwai aikin da ba a sa wa farashi: bayan surfe matan gida ne za su wanke, su shanya a tabarma, su tsare ta daga kaji, sannan su tankaɗe bayan niƙa, kuma da damina shanya kan ƙi bushewa har gari ya yi wari. Ɗalibin da ke ɗaki ɗaya a Samaru ba shi da filin wannan aiki, gara ya sayi na leda. Gida mai yawan baki da tsakar gida kuwa ya kai da safe, lokacin da layi bai taru ba, ya kuma tambayi farashi kafin a zuba hatsi a inji.