Mai Rubuta Rahoton Tiyatar Mata: Wane Kayan Aiki Ya Kamata Ka Fara Saye?

Likita ya fito daga ɗakin tiyata a gajiye, ya naɗi bayanin aikinsa da sauri, yana haɗiye ƙarshen kalmomi. Kai da za ka mayar da muryar rubutu, a ƙarshen kalmar nan haɗarin yake. Salpingectomy na nufin an cire bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Salpingostomy kuwa tsaga shi aka yi, aka fitar da cikin da ya zauna a ciki, aka bar bututun. A kunne kusan ɗaya suke, amma ga macen da ke fatan sake haihuwa bambancin ba ƙarami ba ne.

Don haka kuɗinka na farko ya tafi ga kunne. Yawancin kalmomin da muke cewa ba mu sani ba, ji ne ba mu yi da kyau ba. Nemi abin sauraro mai rufe kunne duka, wanda aka yi don muryar mutum. Na kiɗa yakan ƙara kaurin sauti, ya danne ƙananan baƙaƙen da kake farauta. Haɗa shi da fedar ƙafa da manhaja irin Express Scribe, wadda ke rage saurin magana, ka riƙa maimaita daƙiƙa biyu ko uku hannunka na kan madannai. Sai dai rage sauri fiye da kima yana narkar da kalma. Sau da yawa jin jimlar gaba ɗaya a saurinta ya fi taimako.

Sai littafi, inda mutane suka fi ɓarnar kuɗi. Manyan ƙamusoshi irin Dorland's, wanda ya fara fitowa a 1900, da Stedman's na 1911, suna ba da ma'ana, amma sai ka san farkon kalma kafin ka samo ta. To wa zai ji “fanenstil” ya nufi harafin P? Ga shi kuwa Pfannenstiel ake rubuta shi, sunan likitan Jamus da ake kiran yankan kwance na ƙasan mara da shi. Littattafan jerin kalmomin fanni, kamar na Stedman's a kan haihuwa da cututtukan mata, ba su cika bayani ba, sai dai sun tara sunaye a ƙarƙashin kayan aiki: ka duba almakashi ka ga Metzenbaum da Mayo, ka duba matsi, wato ƙarfen damƙe nama ko jijiya, ka ga Heaney da Kocher. In ɗaya kawai za ka iya saye, wannan zan ce ka ɗauka. Idan kuma ka samu na kwamfuta wanda ake nema da guntun kalma, ya fi na takarda. Duba shekarar bugu, domin sunayen magunguna da zaren ɗinki da na'urori suna sauyawa, ko da sassan jiki suna nan yadda suke.

Manhajojin da ke rubuta magana da kansu, irin Dragon Medical One na kamfanin Nuance da Microsoft ya saya a 2022, sun fi tsada, kuma biya ake yi lokaci-lokaci. An gina su ne don likita ya yi magana kai tsaye. Aibinsu shi ne ba sa cewa ba su ji ba. Za su zuba maka peroneal, wato gefen ƙwauri, inda likita ya ce perineal, tsakanin al'aura da dubura, manhajar duba kuskuren rubutu kuma ta wuce domin duka kalmomi ne na gaske. Na kyauta da ke intanet fa? Kada ka ɗora muryar da ke ɗauke da sunan majiyyaciya a kansu. Amana ce, kuma a Amurka dokar HIPAA ta 1996 tana hukunta irin wannan sakaci.

Akwai abin da ba a saye: tsoffin rahotannin likitan da kake wa aiki, in asibiti ya yarda ka gani, domin kowane likita yana maimaita jimlolinsa. Idan duk wannan bai fitar da kalmar ba, bar gurbi, rubuta minti da daƙiƙar da take a sautin, ka mayar wa likita ya cike da kansa.