Na gwada saitin haɗa kwanon ado da guntayen ƙyalle

Ni dai ban iya zubar da ragowar ƙyalle ba, ko ɗan siriri ne sai na cusa a leda nace wata rana zai yi amfani, har ledar ta cika ta batse. Shi ne na ci karo da wani saiti a intanet na haɗa kwanon ado, na yi oda. Cikin kwalin akwai gam kwalba ɗaya, buroshi biyu, balan-balan uku da takardar bayani.

Gam ɗin gaskiya ba shi da laifi. Farin gam ne irin wanda ake kira PVA, ana sirka shi da ruwa kaɗan, lokacin da kike shafawa fari fat zaki gan shi har gabanki ya faɗi kice shikenan na ɓata ƙyallena, amma yana bushewa sai farin ya ɓace, kalar ta fito ras, kwanon ya yi tauri. Sai dai ƙyallen auduga mara kauri yake so, shi ne ke shan gam ya kwanta luf. Mai santsi irin na leda-leda kuwa zamewa kawai yake, na haƙura da shi.

Balan-balan ɗin ne ya ban haushi wallahi. An ce a hura a lilliƙa ƙyallen a kai, to ga shi yana ta mirginawa sai da na ɗora shi a bakin kofi, kuma kafin gari ya waye iska ta ɗan sace, kwanon farko ya fito a yamutse kamar an zauna a kai. Na biyu sai na kife kwanon roba, na lulluɓe shi da siririyar leda don kar ya manne, na yi a kai. Wannan kam ya zauna daram, gindinsa a shafe ba ya tangaɗi.

Abin da takardar bata faɗa ba, ni kuma sai da na ɓata ɗaya na gane: shimfiɗar farko fuskar ƙyallen ƙasa zata kalla, don ita ce cikin kwanon. Ta ƙarshe kuma ta kalli sama. Shimfiɗa uku ta ishe ni, na bar shi awa 24 ban taɓa ba, sannan na zare na daidaita bakin da almakashi.

Buroshin ɗaya gashi yake zubarwa, da yatsa na ƙarasa.

Kar a sa wa kwanon ruwa fa ko abu mai laima, laushi zai yi. Nawa makullai da zare nake zubawa. Wadda bata taɓa yi ba saitin zai ɗora ta a hanya, amma ni karo na gaba gam kawai zan saya, ledar ƙyallen nan ko rabi ban ci ba.