Labarin ƙauyen da nake zaune a bakin tekun Wales

Salamu alaikum Yaya, da sauran 'yan gida da kuke ta tambayata wai ya Landan take. To ni dai ba a Landan nake ba, daga nan zuwa can ma tafiyar kusan awa biyar ce a jirgin ƙasa. A ƙauye nake, ƙauye na gaske, sunansa Borth, a yammacin Wales, wani ɓangare na Birtaniya, cikin yankin Ceredigion, kamar mil 7 ne tsakaninsa da garin Aberystwyth inda jami'a da babban asibitin yankin suke. Mutanen garin gaba ɗaya ba su kai 1,500 ba. Layi ɗaya ne dogo, gidaje dama da hagu, bayan waɗannan teku, bayan waɗancan kuma wata ƙatuwar fadama da suke ce wa Cors Fochno, shi kenan kin gama zaga gari. A da masunta ne da ma'aikatan jirgin ruwa, yanzu kuwa galibi tsofaffi ne 'yan fansho sai masu zuwa hutu. Ni kuma aikin kula da tsofaffi nake yi, ina bin su gida gida.

Bari in fara da abin da na san shi za ku fi son ji. Ruwa da wuta. Ruwan famfo a nan shi ake sha kai tsaye, ba tafasawa ba tacewa, ba mai ga-ruwa ba ruwan leda, kuma kullum ka murɗa zai zo. Wuta ba a ɗaukewa sai in guguwa ta kayar da turaku, kamar yadda aka yi a Disambar 2024 da wata guguwa mai suna Darragh, wadda har saƙon gargaɗi gwamnati ta turo wa mutane a waya da wata irin ƙara mai firgitarwa, kuma gidaje da yawa a yankin nan suka yi kwanaki cikin duhu. Amma fa ki sani ba kyauta ba ne. Kowane wata kuɗin ruwa da na wuta da harajin gida na ƙaramar hukuma suna fita daga asusunka na banki tun kafin ka taɓa albashin, har talabijin sai ka biya masa lasisi, wanda a Afrilun 2025 aka mai da shi fam 174.50 a shekara. Mafi ƙarancin albashi a doka ga mai shekara 21 zuwa sama a Afrilun 2025 aka mai da shi fam 12.21 a awa, in kin juya shi zuwa naira za ki ga kamar wani abu ne babba, to haya kaɗai sai ta cinye kusan rabi, ga dumama ɗaki lokacin hunturu, wanda a nan ba gata ba ne, dole ne, don tsoho zai iya mutuwa a gidansa saboda sanyi. Ƙauyuka da yawa ba a ja musu bututun gas ba, mai suke saye tanka ta kawo ta zuba musu a wata tanki a bayan gida, kuma na sha shiga gidan da tsohuwa take zaune da rigar sanyi da bargo a ɗaki guda ɗaya ta rufe sauran don kar man ya ƙare kafin sanyi ya wuce.

Magani kuwa wallahi abin ya burge ni. A Wales tun 2007 duk maganin da likita ya rubuta maka kyauta kake karɓa a kemis, yaro da babba, mai kuɗi da talaka, alhali a Ingila da ke maƙwabtaka har yanzu ana biya. Duk lokacin da na ga an kawo wa tsohuwa maganin hawan jini da na suga na wata guda an jera mata shi a 'yan ramuka, na safe daban na dare daban, ba ta ba da ko kwabo ba, sai na tuna yadda muke haɗa kuɗin maganin Inna duk ƙarshen wata, wani lokacin ma a sayi rabi a ce sauran sai an samu. 'Yan firamare duka ana ba su abincin rana kyauta, wanda ya kai shekara 60 kuma yana da katin shiga bas ba biya. Sai dai samun ganin likitan shi ne aiki. A gida in kana da kuɗi yau ɗin nan za ka ga likita, a nan sai ka kira da sassafe ka bi layi a waya, in an tura ka wajen babban likita ko tiyatar da ba ta gaggawa ba kuma sai ka yi watanni kana jira. Likitan haƙori na gwamnati shi ne ya fi wuyar samu, ni kaina na buga waya wurare da dama kowa ya ce ba ya ɗaukar sababbi, ƙarshe sai na kuɗi na je.

Abinci ba na son in tsaya a kansa da yawa don kun san ƙorafin. Madara da burodi da dankalin turawa da ƙwai suna da sauƙi kuma masu kyau ne. Tumatir ga shi ja jawur amma ba ɗanɗano, sai ka haɗa da na gwangwani kafin miya ta yi kama da miya. Tumaki kuwa ko'ina ka duba a kan tsauni su ne, Wales tana da tumaki kusan miliyan 9 mutanenta kuma miliyan 3 da 'yan kai, amma naman rago tsada, na halal kuma a ƙauyen nan babu shi sam, sai dai mu haɗa kai da wasu ɗalibai Musulmi a yi oda daga Birmingham a cika firiza. Attarugu da doya da manja ma haka. Kantunan ƙauyen ƙanana ne kuma sun fi na gari tsada, babbar siyayya sai Aberystwyth. Sallar Juma'a ma can nake zuwa wajen ɗalibai in ban da aiki.

Abin da na fi son in ba ku labari shi ne mutanen. Mu a gida an ɗauka Bature ba ruwansa da kowa, kowa ya kulle ƙofarsa. A birni watakila, amma a ƙauyen nan ba haka na gani ba. Akwai tashar kwale-kwalen ceto a bakin ruwa tun 1966, ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna RNLI da aka kafa a 1824, wadda da gudummawar jama'a take tafiya. Waɗanda suke shiga kwale-kwalen nan ba albashi ake ba su ba, magina ne da masu shago da malamai da direbobi, kowa da 'yar na'ura a ƙugunsa, da ta yi ƙara sai ya ajiye abin da yake yi ya ruga, ko tsakar dare ne ko ana ruwa da iska, su shiga tekun da ni ko ƙafata ba na iya sawa a ciki don sanyi, su je ceto wanda ba su taɓa gani ba, yawanci ma baƙo ne ɗan hutu da ruwa ya ja. Na taɓa tsayawa ina kallon su suna dawowa, an ja kwale-kwalen da tarakta zuwa kan tudu, suna wanke shi da ruwan famfo hannuwansu sun yi ja don sanyi, suna gamawa kowa ya tuɓe kayan ya koma bakin aikinsa kamar ba a yi komai ba. Aikin gayya ne sak irin na garinmu lokacin da ake fita gyaran hanyar maƙabarta, sai dai su nasu a rubuce yake, da jadawali da horo, da ma'aji mai karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita. Wannan ɓangaren na lissafi a fili shi ne na ga ya sa mutane ba sa jin nauyin saka kuɗinsu a akwatin.

Haka zauren taron garin. Akwai ranar iyaye mata da ƙananan yara, akwai ranar da tsofaffi suke haɗuwa su ci abinci mai zafi su sha shayi, lokacin sanyi a buɗe ɗaki mai ɗumi ga duk wanda ba zai iya dumama gidansa ba, kuma ba wanda zai tambaye ka me ya kawo ka. Wasu suna ɗaukar maƙwabta a motarsu zuwa asibiti. Da aka yi ɗauke wutar nan mutane sun riƙa bi gida gida suna ƙwanƙwasa wa tsofaffi ƙofa da fulas ɗin ruwan zafi. Ni da nake baƙa da hijabi ban taɓa jin an faɗa min baƙar magana a layin nan ba, kallo dai an yi da farko, yanzu kuwa sai an tsayar da ni an tambayi lafiyar mutanen gida.

To amma duk da wannan, Yaya, garin yana da ciwon da sa kai ba zai warkar ba, kuma ciwon shi ne babu matasa. Ki bi layin nan da daddare a watan Janairu, gida bayan gida ba fitila, labule a sauke, sai wani ɗan akwatin makulli a jikin ƙofa. Masu kuɗi ne daga biranen Ingila suka saya suna zuwa hutu ko suna ba 'yan yawon buɗe ido haya na sati. Lokacin zafi gari ya cika maƙil, filayen ƙananan gidajen hutu masu kama da kwantena su cika, a yi bikin gari a watan Agusta, shaguna su yi ciniki, da Oktoba ta shigo kuma sai a watse, wasu shagunan su rufe sai baɗi. Yaron da aka haifa a garin in ya tashi aure ba zai iya sayen gida a layin da ya girma ba don farashin ya fi ƙarfin albashin nan, aikin ma na 'yan watanni ne, sai ya tattara ya tafi Cardiff ko Ingila. Gwamnatin Wales ta ba ƙananan hukumomi ikon ƙara harajin irin waɗannan gidaje har kashi 300 cikin 100 daga 2023, kuma ina ganin daidai ne, sai dai haraji ba ya dawo da wanda ya riga ya tafi ya kafa iyali a wani wuri. Yara suka yi ƙaranci har a 2024 aka taso da maganar rufe firamaren garin tare da wasu uku na ƙauyuka, iyaye suka tashi tsaye suka ce ba su yarda ba.

Wannan rashin shi ya kawo irinmu, don aikin da nake yi na kula da tsofaffi aikin 'ya'ya ne da jikoki. Za ki shiga gidan tsohuwa ta haura shekara 90, ga gado mai tashi da maɓalli, ga kujerar da take hawa da ita bene, ga wani maɓalli rataye a wuyanta da za ta danna in ta faɗi, firij cike, komai gwamnati ko 'ya'yanta sun tanada, amma daga safe zuwa dare fuskar da za ta gani tawa ce, ni kuma rabin awa aka rubuta min, in tashe ta in yi mata wanka in ba ta magani da karin kumallo in rubuta a waya in wuce gida na gaba. Ina sa takalmi tana ƙara jawo hira don kar in tafi. Wallahi sau da yawa a mota nake share hawaye. Kakarmu ba ta taɓa ganin irin wannan gado ba har ta koma ga Allah, amma ba ta taɓa wuni ita kaɗai ba. Kuma ba wai 'ya'yan nan ba su da tausayi ba ne, suna kira kullum, suna tuƙo awa uku ko huɗu a ƙarshen mako, rayuwa ce ta kai su nesa. Wani abin kuma, kusan kashi 45 cikin 100 na mutanen Ceredigion suna jin harshen Wales bisa ƙidayar 2021, kuma tsofaffin da mantuwa ta kama wasu Turancin yake ɓace musu su koma harshen da aka yi musu rainon yarinta da shi, suna magana suna roƙon wani abu ni ban gane ba. Na koyi gaisuwa da 'yan kalmomi na ci da sha, amma gaskiya masu jin harshen suke buƙata a aikin nan kuma ba su isa ba.

Sufuri ma matsala ne. Borth ta yi sa'a tana da tashar jirgin ƙasa, layin da ya taso daga Shrewsbury zuwa Aberystwyth, akwai bas kuma amma da yamma ta yi ko ranar Lahadi sai a hankali. Babu acaba babu Keke Napep da za ka tsayar a bakin titi, tasi sai ka kira tun da wuri kuma tsada. Wanda ba shi da mota ko tsufa ya hana shi tuƙi a ɗaure yake. Banki babu a ƙauyen, a garuruwa ma ana ta rufe rassa ana ce wa mutane su koma intanet, tsohon da hannunsa ke rawa ina zai iya.

Sai teku, wanda shi ne arzikin garin kuma shi ne fargabarsa. Gidajen a kan tudun tsakuwa suke, ruwa gaba fadama baya. An kashe miliyoyin fam wajen jibge manyan duwatsu a cikin ruwa da bakin gaɓa don karya ƙarfin igiya, amma duk da haka in guguwa ta haɗu da cikar teku har kan titi yake watso tsakuwa. In ruwa ya janye sosai za ka ga kututturan wani daji da teku ya cinye sama da shekara 4,000 da suka wuce, guguwar farkon 2014 ta ƙara tono su, ga su nan baƙaƙe a cikin yashi da saiwoyinsu, kuma mutanen garin sun san abin da hakan yake nufi ga gidajensu, suna maganarsa a fili.

Masu turo min saƙo in nema musu hanya, don Allah ku saurara da kyau. Tun Maris 2024 aka hana mai bizar kula da tsofaffi tahowa da mata ko miji da yara, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukar sababbi daga ƙasashen waje a wannan aikin gaba ɗaya. Duk dillalin da ya ce ku sayar da fili ko gona ku ba shi miliyoyi zai samo muku takardar aikin nan, ƙarya yake, na san waɗanda suka zo a baya ta irin wannan hanya suka tarar ba aikin ba awannin, suna kwana a falon mutane. Yaya ki gaida Inna da kyau ki ce mata ina nan lafiya, in an samu mai tahowa kuma a sako min kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya.