Kafin ka kashe kuɗi don fahimtar Turancin fina-finai

Mutum na iya cin Turanci a WAEC da kyakkyawan sakamako, ya zauna gaban fim ɗin Amurka ya ji kowace kalma tar, amma zancen ya bi ta bayan kunnensa. A gayyaci jarumi cin abinci ya ce "I'll take a rain check", alhali ko hadari babu a gari. Nufinsa a bari sai wani jiƙon. Masu son maganin wannan matsala sukan ruga kantin littattafai, kuma yawanci abin da suka fi bukata ba shi suke fara ɗauka ba.

Wanda ya fi ɗaukar ido shi ne ƙamus na salon magana zalla, irin Oxford Dictionary of Idioms wanda John Ayto ya tace. Littafi ne mai daɗin karatu, yana faɗin asalin maganganu da yawa. Sai dai an yi shi ne domin wanda ya riga ya iya harshen, kuma cike yake da maganganun da sai a tsofaffin littattafai ake gamuwa da su. Ɗalibin adabi zai more shi. Mai kallon fim kuwa, ya dakata tukuna.

Ni da za a tambaye ni, babban ƙamus na masu koyo zan ce a fara saye, wato Oxford Advanced Learner's Dictionary ko takwarorinsa na Longman da Cambridge. Na Oxford ɗin A. S. Hornby ne ya assasa shi, ya fito a 1948, bugu na 10 kuma a 2020. Amfaninsa ga mai kallo yana cikin 'yan alamomin da ke gefen kowace magana: wannan ta Amurka ce, wannan ta Ingila, wannan ta hirar abokai ce, wannan ta tsufa, wannan zagi ce. Da su za ka san abin da bai kamata ka maimaita a gaban shugabanka a ofis ba. Sannan ya tattaro gajerun maganganun nan da ake haɗa aikatau da ƙaramar kalma, irin "knock it off" idan ana son mutum ya daina abin da yake yi. A bakin 'yan fim waɗannan sun fi dogayen karin magana yawa nesa ba kusa ba. Idan ka ji "spill the beans", wato tona asiri, ka duba ƙarƙashin kalmar farko mai nauyi, a nan aka saba ajiye su. In a kasuwa za ka saya, buɗe tsakiya ka duba, domin na jabu rubutunsa kan dushe, wani lokaci ma shafuka su yi tsalle.

Ga wanda ke son zama ya yi darasi akwai English Idioms in Use na Michael McCarthy da Felicity O'Dell: bayani a shafin hagu, aikin gwaji a na dama, amsoshi a ƙarshen littafi. Yana da na matsakaita da na waɗanda suka yi nisa. Ya ɗan karkata ga Turancin Ingila, kuma in ba za ka riƙe biro ka yi aikin ba, asarar kuɗi ce.

Na kyauta ma ba na yarwa ba ne, data kawai suke ci. BBC na da shirin The English We Speak, kusan minti 3, magana ɗaya a kowane shiri. Muryar Amurka ta yi shirye-shiryen English in a Minute, da English @ the Movies wanda ke ciro maganar daga fim kai tsaye. A YouGlish kuwa sai ka rubuta maganar, ya jero maka bidiyoyin YouTube inda mutane daban-daban suka furta ta. Language Reactor yana nuna rubutun ƙasan allo cikin harsuna biyu a Netflix da YouTube, amma sai da kwamfuta, don haka mai waya kaɗai ba nasa ba ne.

Biyu ne nake kaffa-kaffa da su. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, amma salon magana sau da yawa kalma-kalma yake juya shi. Urban Dictionary kuma kowa ke rubutu a cikinsa, barkwanci da batsa sun cakuɗe da gaskiya, ko da yake sabuwar maganar matasa a can take fara bayyana kafin ta shiga ƙamus.

Duk wanda ka zaɓa, kunna rubutun ƙasan allo na Turanci, ba na fassara ba. Sau da yawa saurin baki ne ke haɗiye kalmomin, kuma abin da ba ka ga yadda ake rubuta shi ba, ba ka da hanyar nemansa a ƙamus.